Tafiyar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi: gudu ne ko hijira?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na zo da tambaya, amma ba tawa ba ce, ta ɗana ce, ni kuma ta fi ƙarfina. Yaron yana aji biyu a babbar sakandare. Jiya da daddare muna cin tuwo ya ce an yi musu darasin zuwan Turawa, wai da aka ci Sakkwato a 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya gudu, Turawa suka bi shi har Burmi suka kashe shi. Sai ya ce, "Abba, in dai gudu ya yi, don me ake ce masa jarumi?" Na ce ya ci tuwonsa kada ya huce. To, tuwo ya ƙare, tambaya tana nan. Masana a taimaka mini.

Ɗan Giginya:
Wa alaikumus salam. Wanda duk ya koya ma yaro wagga magana ya nemi gafarar Allah. Mai gudu shi ɗai yake sulalewa cikin dare ya nemi ramin ɓuya. Wanga bawan Allah da tuta ya fita, da malamai, da alƙalai, da mata da yara, duk garin da sunka ratsa jama'a na barin gida suna bin shi. Ina anka taɓa yin gudu da tuta a gaba?

Baba Malam:
Ɗan Giginya, sassauta. Yaro tambaya ya yi, kuma ba ta banza ba ce.

Abban Sadik, fara nuna masa irin gidan da mutumin ya gada. An naɗa Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku a watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Wata biyar kacal ya yi a gado Turawa suka iso. Kafin a ɗaura masa rawani an riga an ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, an ci Bauchi a farkon 1902, ga sojan Nasara zaune a Zariya. Ta arewa Faransawa sun ƙone Birnin Ƙonni tun 1899, ta gabas Jamusawa suna Garwa. Wuta ta cinye zaure da shigifa kafin a miƙa masa makulli. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 kuma Kano ta faɗi.

Manyan Sakkwato sun zauna shawara, bakinsu ya rabu uku: a yi yaƙi, a yi sulhu, ko a tashi a bar ƙasar. Shi Attahiru tun farko zuciyarsa ta fi karkata ga tashi. Amma tashin daula guda yana son raƙuma da guzuri da lokaci, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Ana cikin haka Kanar Molan ya iso. Ranar 15 ga Maris aka fita bayan ganuwa, a filin Giginya, Sarkin Musulmi a tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim suna riƙe da gefe biyu. Sojan Molan wajen ɗari bakwai ne, amma suna da bindigar ruwa huɗu da igwa huɗu. Su kan tsaya sahu huɗu kamar akwati, ta ko'ina ka ɓullo baki ne na bindiga. Doki bai isa ya kai ga sahun ba balle mashi ya yi aiki. Ba a yi awa biyu ba fili ya watse.

Abin da za ka gaya wa yaron na farko ke nan: sai da ya tsaya aka gwabza, fili ya ɓaci, sannan ya juya gabas.

Na Tudun Wada:
Allah ya gafarta Malam, duk na yarda. Amma bari in zama bakin yaron nan, tunda ba ya cikin zauren. Sarki ya tafi gabas. Wa aka bari da garin? Tsofaffi, makafi, masu jego, wanda ba shi da ko jaki. Su wa ya tsaya musu? Waziri Buhari. Shi ya dawo ya fuskanci Nasara, ya nemi a bar wa mutane sallarsu da alƙalansu. Ranar 21 ga Maris Gwamna Lugga ya tabbatar da Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba ɗan Bello, ya kuma yi alkawarin ba zai taɓa addini ba. Yau shekara ɗari da ashirin da wani abu, masallacin Shehu yana nan, sarautar tana nan, Hubbare yana nan. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kullum waƙar Attahiru ake yi, ba na jin mai yi wa Waziri ko baiti ɗaya.

Ɗan Giginya:
Kai Bazazzagi, a wancan jawabin na Lugga da kake yabo, ka karanta sauran? Cewa ya yi yadda Fulani sunka ci ƙasa da takobi zamanin Shehu, hakanan Turawa sunka ci ta yanzu, don haka naɗi da tuɓewa da haraji duk sun koma hannunsu. Wanga shi ne abin da anka durƙusa ma. An bar muna rawani, an ɗauke kan.

Ɗan Dala:
Ku ƙyale Na Tudun Wada, dole ya kare masu sulhu. Su da ko kibiya ɗaya ba su harba ba, da kansu suka aika wa Bature ya zo ya raba su da Nagwamatse, Sarkin Kwantagora. Baƙo ya zo rabon faɗa ya gaje gida.

Na Tudun Wada:
Sannu Bakano. Ranar da aka fasa ganuwarku ina sarkinku yake?

Ɗan Dala:
Yana hanyar dawowa daga Sakkwato, ya je mubaya'a. Kuma ko ba ya nan an yi faɗa, Sarkin Shanu a nan ya kwanta dama. Waziri Ahmadu kuma ya ja dawaki ya faɗa wa sahunsu a Kwatarkwashi, shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Ku kawo naku mu gani.

Na Tudun Wada:
Shi sarkin naku Alu da ya sulale cikin dare ya bar rundunar fa? Ka tsallake wannan layin. Namu Kwasau da naku Alu duk a Lakwaja suka ƙare, sai mu yi shiru mu duka.

Mai Kula da Zaure:
Kanawa da Zagezagi, wasanku ba ya ƙarewa. A koma kan tambayar Abban Sadik don Allah.

Baba Malam:
Maganar Na Tudun Wada tana da nauyi, kada raha ta binne ta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, saɓanin Attahiru da Waziri ba na jarumi da matsoraci ba ne. Saɓanin malamai ne, kowa da hujjarsa a rubuce.

Masu tashi suna riƙe da littafin Shehu Usmanu kansa, Bayan Wujubil Hijra, wanda ya ce idan kafirci ya rinjayi ƙasa, wajibi ne Musulmi ya bar ta in yana da iko. Daular ma da hijira ta fara, daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Shehu kuwa kakan mahaifin Attahiru ne ta wajen Atiku, wato shi tattaɓa-kunne ne. Abin da Shehu ya yi a farko shi ya maimaita a ƙarshe. Alƙali Abdullahi ya rubuta risala a kan haka, ya ce sulhu da wanda ya zo ya zauna ya mallake ka ba sulhu ba ne.

Waziri kuma bai dawo gari da sakakkiyar zuciya ba. Ya tara malamai ya tambaye su, ya aika wa Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu yana neman fatawa. Aka ba shi amsa da ayar taƙiyya ta cikin Ali Imrana: ya halatta a bi mai ƙarfi da harshe, ban da zuciya, in ana tsoron halakar jama'a, muddin bai hana salla da azumi ba. Har da hujjar cewa in kowa ya tashi, ƙasar ta zama ta kafirci ke nan gaba ɗaya. Daga baya Waziri ya rubuta tasa risalar zuwa ga ma'abota ilmi yana bayanin dalilinsa, kuma duk wanda ya karanta ta zai ji mutum ne da abin yake ci masa rai. Wanda ya sayar da gari ba ya zama yana neman malamai su duba masa ko ya halaka.

Ɗan Giginya:
Baba, na ji, kuma ban zagi Waziri ba, Allah ya jiƙan shi. Amma taƙiyya da harshe anka ce. To Satiru fa, ƙauyen nan na kusa da Sakkwato? Shekara ukku bayan Giginya, a 1906, talakawa da gatura da fartanya sunka kashe Turawa ukku da soja fiye da ishirin, har sunka ƙwace bindigar ruwa. Abin da dawakin daula duka ba su yi ba. Wa ya taimaki Nasara anka murƙushe su? Sarakunanmu. Marafa Maiturare da ya riƙe gefe guda a Giginya, shi ne ya kawo dawaki ya tsaya ma Turawa. An kashe mutane wajen dubu biyu, an shafe garin, an ba Sarkin Musulmi lambar girma. Wanga ya wuce harshe, Baba. Hannu ya shiga.

Baba Malam:
Wannan kam ba ni da abin da zan kare. Sai dai in ƙara maka da cewa Marafan nan shi ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Mutum guda, ka gan shi a Giginya, ka gan shi a Satiru, ka gan shi a gado. Ni na daina saurin yanka wa mutanen wancan zamani hukunci tun ranar da na lura da haka.

Ummu Hanan:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, duk maganar sarakuna da malamai ake yi. Ina da tambaya biyu.

Ta farko, su waye suke harba bindigar? Turawan da suka zo Sakkwato wajen talatin ne kawai. Sauran duk baƙar fata ne, mafi yawansu Hausawa da Yarbawa, kuma da yawa a cikinsu bayi ne da suka tsere ko waɗanda hare-haren kamun bayi suka raba da garuruwansu. Da Hausa ake ba su umarni. Wanda aka kama uwarsa aka kai kasuwa, kuna tsammanin faɗuwar daula ta sa shi kuka? In za a gaya wa Sadik labari a gaya masa har da wannan.

Ta biyu, matan da aka ɗebo aka yi tafiyar nan da su a ƙasa, daga Sakkwato har bakin Gongola, cikin zafin bazara, wasu da ciki wasu da goyo, an tambaye su? Namiji ya yi niyyar shahada ya samu. Ita da aka bari da marayu a daji me sunan abin da ta samu?

Ɗan Giginya:
Hajiya, ai ba wanda anka ɗaure da igiya. Mutane da kansu sunka bi.

Ummu Hanan:
Mazan da kansu suka bi. Ka taɓa ganin maigida ya ɗaura kaya matarsa ta ce ita tana nan?

Baba Malam:
Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Maganar sojan gaskiya ce, kuma maganar bauta gaskiya ce, ba a rufe ta da tuta. Sai dai akwai wani abu da ya rikita har su Turawan. Sun ɗauka talaka zai yi murna an kawar masa da masu mulki. Sai ga shi da ayarin ya bi ta Gusau ya ratsa ƙasar Kano ta kudu, manoma suna barin gona dab da shuka, garuruwa suna zama kufai. Wannan ne ya tayar musu da hankali, ba takubban Attahiru ba. In ƙasa ta zama ba mutane, wa zai biya haraji, wa zai yi dako? Sabbin sarakunan da suka naɗa kuma su mulki wa? Shi ya sa da ya aika musu cewa shi ba faɗa yake nema ba, a ba shi hanya ya wuce, ba su yarda ba. Lugga ma yana hutu a Ingila a lokacin, mataimakinsa Walas ne ya riƙe ƙasar, aka yi ta tura runduna bayan runduna.

Ku dubi kuma waɗanda suka taru a ayarin: Etsu Nupe Abubakar da aka tuɓe a Bida, Sarkin Misau Ahmadu, Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Maloni a 1902, da mutanen Alhaji Umaru Futi irin su Alfa Hashim, waɗanda tun daga yamma Faransawa suka koro su. Duk wanda Nasara ya raba da gidansa ya sami inda zai dosa. Ga kuma tsohon zance da ke yawo tun zamanin Shehu cewa a ƙarshen zamani jama'a za su tashi gabas su tarbi Mahadi a bakin Nilu. Tun kafin Turawa mutane sun sha ɗaura kaya saboda wannan zance, har sai da Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin bai yi ba tukuna. Da aka ga Sarkin Musulmi da kansa a hanya, sai kowa ya ce to, ga lokacin.

Na Bajoga:
Ni ɗan wajen ne, bari in sa baki. Abin da yake ba ni haushi, in ana labarin Burmi sai a mai da mutanen garin kamar 'yan kallo. Burmi garin Malam Jibrilla Gaini ne, wanda ya gagari Gombe shekara da shekaru kafin Turawa su kama shi a 1902 su kai Lakwaja. Mutanensa sun san faɗan ganuwa. Ranar 13 ga Mayu 1903 Kyaftin Sod ya zo da sojansa da bindigar ruwa, 'yan baka suka yi musu ruwan kibiya daga bayan ganuwa, ya kwashi raunanansa ya koma Bauchi. Kano ba ta yi haka ba, Sakkwato ba ta yi ba. Ƙaramin gari ne ya yi.

Sai da suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli da igwa. Tun da hantsi ake abu guda har rana ta faɗi, gida gida, lungu lungu. Shugabansu Manjo Mash kibiya mai dafi ce ta kashe shi. An kashe mutane fiye da ɗari shida. An tarar da gawar Sarkin Musulmi a tsakiyar gawawwakin mutanensa da suka kewaye shi. Suka yanke kansa, suka ɗauki hoto suka rarraba don kowa ya tabbata ya mutu, suka ƙone garin. Har yau ba a sake zama a wurin ba. Kabarinsa yana nan, na Mash ma yana nan, ba nisa tsakaninsu.

Abban Sadik, ka tambayi ɗanka: wanda yake gudun mutuwa, da ya ga an kewaye gari, zai tura ɗansa gaba shi ya tsaya?

Ɗan Dala:
Wannan ya ƙara tabbatar mini da abin da na daɗe ina faɗa. Kuskuren sarakunanmu fita fili da doki. Inda duk aka tsaya bayan ganuwa da baka, ko aka shammace su, an ji musu ciwo. Amma barde yana ganin wulaƙanci ne ya sauka daga doki ya laɓe.

Badamagare:
Gaskiyarka. Mu ma nan Damagaram haka ta faru. Sarki Amadu Kuran Daga ya sa an kashe Kyaftin Kazamaju a 1898, da Faransawa suka dawo a 1899 ya fita ya tare su a Tirmini. Yana da bindigogi, har igwa ana ƙerawa a Zinder tun zamanin Tanimun, amma fili fili ne. Rana guda aka gama.

Ɗan Maiwurno:
Salam daga Sudan, jihar Sinnar. Ku yi haƙuri da Hausata, ta sha ruwan Nilu. Ɗan da Na Bajoga ya ce an tura gaba, shi ne Muhammadu Bello Mai Wurno, garinmu sunansa yake ɗauke da shi. Shi ya ja waɗanda suka tsira, suka bi ta ƙasar Chadi da Darfur, shekaru suna tafe suna yada zango suna noma suna tashi, har suka sauka bakin Shuɗin Nilu. Kakata ta ce kakarta a bayan uwarta ta shigo ƙasar nan. Hajiya Ummu Hanan, kin tambayi sunan abin da matan suka samu. A gidanmu in tsohuwa tana ba da labarin ba ta cewa an kawo mu, cewa take mun yi hijira. Ban ce duka haka suka ji ba, na gidanmu na sani.

Mu a nan ba a taɓa tambayarmu ko gudu ne. Tambayar da muke sha ita ce yaushe za ku koma ƙasarku, alhali kakan kakana a nan aka binne shi.

Na Tudun Wada:
Ɗan'uwa, Allah ya kawo muku sauƙin abin da ƙasarku take ciki. Amma ka ba ni dama in faɗi abin da ke raina. Ingilishi sun ci Omdurman tun 1898, shekara biyar kafin Burmi. Wato an bar Nasara a Sakkwato, an sha tafiyar shekaru, an rasa rayuka a hanya, an je an tarar da Nasaran nan dai a Sudan, an zauna ƙarƙashinsa. To me ya bambanta wannan da abin da Waziri ya yi, ban da wahalar hanya?

Ɗan Maiwurno:
Bambancin, Mai Wurno bai karɓi sandar kowa a kan gadon Shehu ba. Baƙo ne ya nemi wurin noma aka ba shi. Kuma niyyar ta Makka ce, wasu sun isa, Alfa Hashim a Madina ya ƙare rayuwarsa. Amma ban ce tambayarka ba ta cizo ba. Dattawanmu ma sun yi ta a tsakaninsu.

Ɗan Giginya:
Kuma tutar da anka ɗauke a Burmi anka kai Ingila, a 1960 sunka maido ta hannun Sarkin Musulmi Abubakar na ukku. Ba tutar wanda ya sa hannu sunka adana shekara hamsin da bakwai ba.

Na Tudun Wada:
Sun maido ta ga wa? Ga gadon da Waziri ya tsare. Da kowa ya tafi, wa za a miƙa wa?

Ummu Hanan:
Ku biyun nan sai an busa ƙaho kuna nan.

Abban Sadik:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, Baba Malam Allah ya ƙara lafiya. Na ba Sadik wayar ya karanta da kansa tun daga sama. Ya ce ya janye kalmar gudu, amma wai shi yana bayan Na Tudun Wada, kuma maganar Hajiya ce ta fi tsaya masa a rai. Uwarsa kuma ta ce tana bayan Attahiru, don haka gidan nawa ma ya rabu. Na yi masa alkawarin in an yi hutu zan kai shi ya ga wurin da idonsa. Na Bajoga, yaya hanyar take? Ƙaramar mota tana shiga?

Na Bajoga:
Daga Gombe ka kamo hanyar Bajoga, in ka iso ka kira ni ta akwatin sirri in haɗa ka da mai babur da ya san wurin, don ba kowane ɗan acaɓa ne zai gane ba in ka ce Burmi, wasu sai ka ce Mbormi. Motar ka bar ta a gari. Kuma ka bari sai ruwa ya ɗauke, yanzu laka ce. Ku taho da ruwan sha da hula, babu rumfar mai shayi a can.